Tsagaita Wutar Haraji: Kwana 90 Sun Ishi Masu Tattaunawa, Ba Su Ishi Masu Sana'a Ba

Ranar Laraba, 9 ga Afrilu, 2025, sabon harajin da Shugaba Donald Trump ya ƙaƙaba wa kayan ƙasashe masu yawa bai ko cika yini guda yana aiki ba, sai ga shi ya rubuta a shafinsa na Truth Social cewa ya dakatar da shi na kwana 90. Kasuwar hannun jari ta New York, wadda ta shafe mako guda tana zubewa, ta zabura nan take. Kafin a tashi kasuwa ma'aunin hannun jarin manyan kamfanonin Amurka na S&P 500 ya haura da kashi 9.5 cikin 100, tashin da rabon a ga irinsa a yini ɗaya tun 2008. Washegari Tarayyar Turai ita ma ta jingine harajin ramuwar gayya da ta shirya, ta ce za ta ba tattaunawa dama.

Ni ma na ji sanyi a raina da wannan labari, kuma ba na cikin masu raina shi. Duk wanda ya leƙa tarihin shekarun 1930 ya san inda ramuwar gayya a kan haraji take kai duniya. Sai dai tun daga ranar akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya: ana ta kiran tsagaita wuta da sunan haɗin kai, alhali tsakanin su biyun akwai tafiya mai nisa. Dakatar da ƙarin haraji sararin numfashi ne. Amfaninsa ya danganta da tsawonsa, da wanda aka ba shi, da abin da aka aikata kafin ya ƙare.

Sai mu fara da abin da aka dakatar ɗin. Mako guda kafin nan, ranar 2 ga Afrilu, Trump ya sanar da haraji hawa biyu. Na farko kashi 10 cikin 100 a kan kusan duk kayan da ke shiga Amurka. Na biyu ƙari ne da aka yanka wa wasu ƙasashe daban-daban, wanda ya kai jimillar harajinsu zuwa: Tarayyar Turai 20, Japan 24, Koriya ta Kudu 25, Indiya 26, Biyetnam 46, Lesoto 50. Yadda aka fitar da waɗannan alƙaluma shi ne aka ɗauki giɓin cinikin kaya tsakanin Amurka da ƙasa, aka raba shi da darajar kayan da Amurka ke saye daga ƙasar, sannan aka raba abin da ya fito gida biyu. Lissafin bai duba harajin da ita ƙasar take karɓa a kan kayan Amurka ba. Hawa na biyun kaɗai aka dakatar ranar 9 ga wata. Kashi 10 ɗin ya tsaya daram, kuma shi kansa ya ninka abin da Amurka ta saba karɓa sau da yawa. Sin kuwa ba ta shiga cikin rangwamen ba, ƙara mata ma aka yi har ya kai kashi 145, ita ma ta rama da 125.

Akwai wani abu da ake yawan kuskurewa, kuma idan ba a gane shi ba sauran bayanin ba zai zauna ba. Kuɗin fito ba gwamnatin ƙasar waje ce ke biyan sa ba. Kamfanin da ya shigo da kayan shi ne ke miƙa wa hukumar kwastan ta ƙasarsa kuɗin kafin a sake masa kwantenarsa. Daga nan sai a fara ja-in-ja a kan wanda zai haɗiye asarar: ko mai masana'anta a can waje ya rage farashi, ko mai shigo da kaya ya rage riba, ko a ɗora wa mai saye a kanti. Yawanci raba ta ake yi, kuma kaso mai tsoka a gida yake tsayawa. Shi ya sa duk shugaban da ya ɗaga haraji sama sosai yakan fara jin koke-koke daga cikin gidansa tun kafin maƙwabta su gama shirya ramuwa.

Haka ya faru a wannan karon. Abin da ya fi tayar da hankalin fadar shugaban ƙasa a wancan mako shi ne kasuwar takardun bashin gwamnati. A al'ada, idan duniya ta shiga ruɗani masu kuɗi kan ruga su sayi takardun bashin Amurka don su adana dukiyarsu. A wannan makon sayar da su aka riƙa yi, kuɗin ruwan takardun shekara goma ya tashi daga wajen kashi 4 zuwa kusan kashi 4.5 cikin 'yan kwanaki. Ga gwamnatin da ke ɗauke da bashin da ya haura dala tiriliyan 36, wannan ƙaramin motsi ba wasa ba ne. Trump da bakinsa ya ce yana kallon kasuwar, ya ga mutane sun fara firgita. Wato dakatarwar farko ba daga teburin diflomasiyya ta fito ba. Kasuwa ce ta ja masa birki, diflomasiyya ta biyo baya ta gaji wa'adin.

To, me dakatarwa ke yi wa masu tattaunawa? Babban aikinta shi ne katse zaren ramuwa. Ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma a watan Afrilu an ga yadda Amurka da Sin suka riƙa ɗora wa juna cikin kwanaki: 34, 84, 125. Babu shugaban da ke son mutanensa su gan shi ya fara ja da baya, don haka kalmar "dakatarwa" takan fitar da kowa kunya. Mai ita yana iya cewa bai janye ba, jinkirtawa ya yi. Amma wannan kalma tana da ɗaya fuskar. Harajin da aka dakatar kamar bindiga ce da aka ɗora a kan tabarmar sulhu, an ɗaure kunamarta amma ba a cire harsashi ba. Wanda ya ajiye ta yana son kowa ya riƙa ganinta, yana ƙirga kwanakin da suka rage. Mashawarcin Trump kan ciniki, Peter Navarro, ya yi alkawarin yarjejeniya 90 cikin kwana 90. Da wa'adin 9 ga Yuli ya ƙarato, abin da ke hannu shi ne fahimtar juna da Birtaniya, da sanarwar wata da Biyetnam, da tsagaita wuta da Sin. Sai aka ƙara wa'adin zuwa 1 ga Agusta, aka koma aika wa ƙasashe wasiƙu ana gaya musu kuɗin da za a caje su.

Zaman da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne na Janiba, ranakun 10 da 11 ga Mayu. A gidan jakadan Suwizaland a Majalisar Ɗinkin Duniya, wani tsohon gida da ke kallon tafkin birnin, sakataren baitulmalin Amurka Scott Bessent da wakilin ciniki Jamieson Greer suka zauna da mataimakin firaministan Sin He Lifeng. Lokacin jiragen ruwa sun fara tasowa daga tashoshin Sin da guraben da babu kaya, wasu tafiye-tafiyen ma an soke su. Bessent da kansa ya amsa cewa haraji mai wannan tsada daidai yake da haramta ciniki ɗungurungum, kuma babu ɓangaren da ke son a raba gari. Ranar 12 ga wata aka fitar da sanarwar haɗin gwiwa: kowane ɓangare zai sauke kashi 115, na Amurka ya dawo 30, na Sin ya dawo 10.

A cikin wannan 115 akwai darasi ga mai lura. Kashi 91 soke su aka yi baki ɗaya, domin su ne tsibin da fushin makonni biyar ya tara, kuma babu wanda ya taɓa nufin su daɗe. Kashi 24 ne kawai aka dakatar na kwana 90. Ma'ana dogon zaman da duniya ta tafa wa ya ƙare ne wajen kwashe ɓarnar da ɓangarorin biyu suka yi da hannunsu a cikin wata guda. Ainihin matsalolin, irin su tallafin da Sin ke zuba wa masana'antunta, da takunkumin da Amurka ta sa wa na'urorin kwamfuta masu ƙarfi, da safarar sinadaran haɗa ƙwayar fentanil, ko ɗaya ba a warware ba. Ba a cika mako uku ba Trump ya zargi Sin da saɓa alkawari, Sin ta ce Amurka ce ta fara. Sai da shugabannin biyu suka yi waya ranar 5 ga Yuni, aka sake zama a Landan ranakun 9 da 10, don kawai a amince da yadda za a aiwatar da abin da aka riga aka amince da shi a Janiba. A ƙarshen Yuli aka haɗu a Stockholm, a watan Agusta aka ƙara wasu kwana 90.

Yanzu mu bar ɗakin taro mu koma wajen mai sana'a, domin a nan ne kwana 90 ke nuna gajartarsu. Ɗauki misalin wata mace mai ƙaramin kamfanin kayan wasan yara a Amurka. A watan Fabrairu ta ba wata masana'anta a kudancin Sin odar kaya na dala 100,000, ta biya kafin alƙalami. Kayan suka kammala a tsakiyar Afrilu, daidai lokacin da haraji ya kai 145. Idan ta ɗora su a jirgi, dala 145,000 za ta nemo ta ba kwastan kafin ta taɓa kwali ɗaya, kuɗin da ya fi na kayan kansu. Idan ta bar su a rumbun masana'anta, kuɗin ajiya na hawa, banki na jiran nasa. Gaba kura, baya sayaki. Sai ga sanarwar Janiba, haraji ya dawo 30. Ta yi wuf ta nemi gurbi a jirgi, sai ta tarar kowa ma abin da yake nema ke nan, kuɗin dakon kwantena ya yi tsalle. Ta samu ta kawo waɗannan. Amma odar kayan ƙarshen shekara fa? Ƙera su zai ci wata biyu ko uku, tafiyar teku makonni, ga jiran layi a tasha. Ranar da za su iso ta wuce ranar da wa'adin zai ƙare. Tana sa hannu a kan oda ba tare da ta san ko dala 30,000 za ta biya ko ninkinsa ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan odar kayan wasa ta fi ƙarfin kwana 90, ina ga gina masana'antar ƙarfe ko ta batir, wadda ke cin shekara uku zuwa biyar kafin ta fitar da kaya na farko? Manufar da aka ce ita ce ta sa aka ɗora harajin, wato dawo da masana'antu gida, ita kanta tana buƙatar mai jari ya tabbata cewa harajin zai daɗe. Mai shigo da kaya kuma yana buƙatar ya tabbata cewa ba zai dawo ba. Dakatarwa ta ɗan lokaci ba ta ba ko ɗayansu amsa, sai kowa ya koma yin abin da mai tsoro ke yi: ya tara kaya yau, ya daina ɗaukar ma'aikata, ya jingine sabon gini. An ga wannan ƙarara a alƙaluma. A watanni uku na farkon 2025 kamfanonin Amurka sun yi rige-rigen shigo da kaya kafin haraji ya fara aiki, har lissafin tattalin arzikin ƙasar ya nuna ja da baya. A farkon Mayu tashar jiragen ruwa ta Los Angeles ta yi tsit, a watan Yuli kuma ta yi hada-hadar da ba ta taɓa yin irinta ba a tarihinta. Wannan hawa da sauka kuɗi yake ci, kuma babu baitulmalin da ke karɓar kuɗin. Zubewa kawai yake yi.

Ba yau aka fara gwada wannan dabara ba. A watan Fabrairun 1930 tsohuwar Majalisar Ƙasashen Duniya ta kira taro a Janiba musamman don a tsagaita wutar haraji. An rattaba hannu a kan takarda a watan Maris, amma ƙasashen da suka tabbatar da ita ba su kai yawan da zai sa ta fara aiki ba. Wata uku bayan haka Shugaba Herbert Hoover ya sa hannu a dokar Smoot-Hawley, duk da roƙon da masana tattalin arziki sama da 1,000 suka yi masa a rubuce cewa kada ya yi. Kanada ta rama, Turai ta rama, kuma tsakanin 1929 da 1934 darajar cinikin duniya ta faɗi da kusan kashi biyu cikin uku. Ba haraji kaɗai ya jawo wannan ba, rushewar bankuna da faɗuwar farashi sun taka babbar rawa, amma haraji ya toshe hanyar fita. A 1933 aka sake gwadawa. Amurka da kanta ta kawo shawarar a tsagaita wuta har a gama babban taron tattalin arziki na Landan, wanda ƙasashe 66 suka halarta. A farkon Yuli Shugaba Franklin Roosevelt ya aiko da saƙon ƙin amincewa da shirin daidaita darajar kuɗaɗe, taron ya watse ba tare da komai ba, kuma kafin shekarar ta fita ƙasashe suka fara zare jiki ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya yi aiki daga baya ya fi wannan rashin armashi, ya kuma fi shi ɗaukar lokaci. Sakataren harkokin wajen Amurka Cordell Hull, wanda ya dawo daga Landan hannu rabbana, ya samu majalisa ta zartar da doka a 1934 da ta ba shugaban ƙasa ikon rage haraji har zuwa rabi ta hanyar yarjejeniya, da sharaɗin cewa rangwamen da aka yi wa ƙasa ɗaya zai shafi sauran abokan ciniki. Wannan ƙa'ida ta rashin nuna wariya ita ce ta zama ginshiƙin yarjejeniyar haraji da ciniki ta GATT da ƙasashe 23 suka sa wa hannu a Janiba a 1947, wadda ta haifi Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya a 1995. A tsarin nan kowace ƙasa tana rubuta iyakar harajin da ba za ta ƙetare ba, kaya bayan kaya, kuma babu ranar ƙarewa.

Trump da Shugaban Sin Xi Jinping su ma sun taɓa yin irin wannan kwana 90. Ranar 1 ga Disamba, 2018, a wajen liyafar cin abinci bayan taron G20 na ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki a Buenos Aires, suka amince a jingine ƙarin haraji daga kashi 10 zuwa 25 a kan kayan Sin na dala biliyan 200. A watan Mayun 2019 tattaunawa ta wargaje, ƙarin ya fara aiki. Yarjejeniyar da aka samu a Janairun 2020 ta ɗora wa Sin sayen ƙarin kayan Amurka na dala biliyan 200 cikin shekara biyu. Binciken da Chad Bown na cibiyar Peterson ya yi ya nuna abin da Sin ta saya bai kai kashi 60 cikin 100 na jimillar da ta yi alkawari ba. Annobar korona ta shigo tsakani, gaskiya ne. Amma manoman waken soya na Amurka, waɗanda gwamnati ta ware wa tallafin kusan dala biliyan 28 a 2018 da 2019, sun ga kasuwarsu ta karkata zuwa Barazil, kuma ba ta dawo yadda take ba. Mai saye idan ya sami sabon dillali da ba ya ba shi ciwon kai, sanarwar sulhu ba ta dawo da shi.

Akwai dakatarwa ɗaya da nake ganin ta cancanci yabo, kuma ba a cika ambatonta ba. Tun 2004 Amurka da Tarayyar Turai ke shari'a a kan tallafin da kowa ke ba kamfanin jiragen samansa, Boeing da Airbus. A 2019 Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya ta ba Amurka izinin ɗora haraji a kan kayan Turai na dala biliyan 7.5, a 2020 ta ba Turai izini a kan na Amurka na dala biliyan 4. Masu yin cuku a Italiya da masu man zaitun a Sifaniya, waɗanda ba ruwansu da ƙera jirgi, suka tsinci kansu a tsakiyar rigima. A watan Maris na 2021 aka dakatar da harajin na wata huɗu. Kafin wata huɗun su cika, ranar 15 ga Yuni, aka mayar da shi shekara biyar, aka kafa kwamitin da zai riƙa zama a kan batun tallafi. Rigimar ba ta mutu ba, amma gajeren wa'adi ya zama gada zuwa dogo. Kuma tun farko kowa ya san iyakar abin da za a iya ɗora masa, domin alƙali ne ya yanka adadin. Mai yin cuku zai iya ƙulla kwantiragi da shekara biyar a gabansa.

Abin da ya fi damuna a zagayen 2025 shi ne yadda aka raba wurin zama. Sin ta sami zama biyar da manyan jami'an Amurka cikin wata shida, a Janiba, Landan, Stockholm, Madrid da Kuala Lumpur, domin tana riƙe da abin da zai iya tsayar da masana'antun Amurka. Kusan kashi 90 cikin 100 na aikin tace ma'adinan nan masu wuyar samu, waɗanda ake yin maganaɗisun motoci da jiragen yaƙi da injinan iska da su, a Sin ake yin sa. Ranar 4 ga Afrilu ta sa sharaɗin lasisi a kan fitar da guda bakwai daga cikinsu. A watan Mayu kamfanin Ford ya tsayar da ƙera motar Explorer a Chicago na mako guda saboda rashin maganaɗisu. Wannan ne ya kawo kowa Landan da sauri. Tarayyar Turai, duk da girman kasuwarta, ta tsaya tsakanin fushi da tsoron rasa kariyar tsaron Amurka, ta karɓi kashi 15 a Turnberry ta Sikotilan ranar 27 ga Yuli, tare da alkawarin sayen makamashi na dala biliyan 750. Firaministan Faransa na lokacin, François Bayrou, ya kira ranar baƙar rana. Japan ta karɓi kashi 15 da alkawarin zuba jarin dala biliyan 550.

Sai kuma waɗanda ba su da maganaɗisu kuma ba su da biliyoyin da za su yi alkawari da su. Lesoto ƙasa ce mai mutane miliyan biyu da 'yan kai, a tsakiyar Afirka ta Kudu. Tana sayar wa Amurka lu'ulu'u da tufafi, musamman wandunan jins na kamfanoni irin su Levi's, amma talaucinta bai bar ta ta sayi wani abin kirki daga Amurka ba. Wancan lissafi na raba giɓi da jimilla sai ya mayar da talaucin nata laifi, ya yanka mata kashi 50. Masana'antun ɗinkin nan kuwa Amurka ce ta ƙarfafa kafa su ta hanyar dokar AGOA ta shekarar 2000, wadda ta buɗe wa kayan Afirka ƙofa ba tare da haraji ba. Su ne mafi yawan ɗaukar ma'aikata a ƙasar bayan gwamnati, kuma mafi yawan masu ɗinkin mata ne masu ciyar da iyali.

A takarda, Lesoto ta amfana da dakatarwar 9 ga Afrilu kamar kowa. A zahiri, masu ba da oda a Amurka ba su jira su ga ƙarshen kwana 90 ba. Wa zai ba da aikin ɗinkin da za a kawo a watan Satumba ga ƙasar da ka iya komawa kashi 50 a watan Yuli? Oda ta ɗauke, masana'antu a Maseru, babban birnin ƙasar, suka rage kwanakin aiki, wasu suka sallami mutane, mata suka riƙa taruwa a bakin ƙofofi da sassafe ko za a kira wata. A watan Yuli gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan rashin aikin yi. Da aka zo yanke hukunci a ƙarshen watan aka saukar da harajin zuwa kashi 15, amma ɓarnar ta riga ta auku, kuma Kenya da suke gogayya da ita tana kan kashi 10. Ranar 30 ga Satumba wa'adin AGOA ya cika. Harajin kashi 50 da ya rushe musu aiki kusan bai taɓa aiki ba. Inuwarsa kaɗai ta isa.

Wannan shi ne kashin dankali, babba a sama yana danne ƙanana, kuma shi ne dalilin da ya sa ba na yarda a kira jerin yarjejeniyoyin ɗaya-da-ɗaya da sunan haɗin kan tattalin arzikin duniya. A irin wannan zama ƙarfin hannu ne ke yanka farashi, kuma ba ciniki kaɗai ake sa wa a sikeli ba. An ɗora wa Barazil kashi 50 ana ambaton shari'ar tsohon shugabanta Jair Bolsonaro, an kai na Indiya 50 saboda sayen man Rasha. Tsohon tsarin yana da nasa zunubai. Ƙasashe masu arziki sun daɗe suna kare manomansu da tallafi suna wa'azin buɗe kasuwa ga matalauta, kuma ƙorafin Amurka cewa dokokin ba su iya kama irin tallafin da Sin ke bayarwa ba yana da tushe. Amma a ƙarƙashinsa ƙaramar ƙasa tana iya kai ƙarar babba ta yi nasara. Kotun ɗaukaka ƙara ta Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya ta daina aiki tun Disamban 2019 saboda Amurka ta hana naɗa sababbin alƙalai, kuma gwamnatocin jam'iyyun biyu sun ci gaba da hanawa. Shugabar ƙungiyar, Ngozi Okonjo-Iweala, tana yawan tunatar da cewa sama da kashi 70 cikin 100 na cinikin kayan duniya har yanzu a kan ƙa'idar rashin wariya yake gudana. Tana da gaskiya, kuma wannan amanar tana hannun sauran ƙasashen da ba Amurka ba: su ci gaba da riƙe wa juna alkawari ko da babba ya fita daga layi.

Akwai kuma raunin da ke tattare da yadda ake sa hannu. Yawancin harajin 2025 da dakatarwarsa sun fito ne ta umarnin shugaban ƙasa, a ƙarƙashin wata dokar ikon gaggawa ta 1977, alhali kundin tsarin mulkin Amurka majalisa ya ba ikon sa haraji. Kotun cinikin ƙasa da ƙasa ta Amurka ta ce an wuce gona da iri a watan Mayu, kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayanta a watan Agusta, magana ta kai Kotun Ƙoli. Abin da alƙalami ɗaya ya ɗaure da safe yana iya kwance shi da yamma. An gani da Kanada da Meziko, waɗanda aka ba kwana 30 ranar 3 ga Fabrairu bayan Meziko ta yi alkawarin tura dakaru 10,000 kan iyaka, harajin ya fara aiki ranar 4 ga Maris, bayan kwana biyu kuma aka sake sassauta shi. Ministan da ke zaune a ɗaya ɓangaren teburin yana sane da wannan, don haka ba zai ba da abin da ba zai iya karɓowa ba. Zai yi alkawarin sayayya da jari, abubuwan da ke da daɗin faɗa kuma masu wuyar bibiya.

A watan Oktoba wutar ta kusa sake tashi. A ƙarshen Satumba Amurka ta faɗaɗa takunkuminta zuwa rassan kamfanonin Sin, Sin ta tsananta dokar ma'adinai ranar 9 ga Oktoba, Trump ya yi barazanar ƙarin kashi 100. Ranar 30 ga Oktoba shi da Xi suka haɗu a Busan ta Koriya ta Kudu. Aka rage harajin da Amurka ta ɗora wa Sin saboda fentanil daga kashi 20 zuwa 10, Sin ta jingine sabuwar dokar ma'adinan, Amurka ta jingine nata faɗaɗawar, kuma a cewar fadar White House Sin za ta riƙa sayen waken soya tan miliyan 25 a shekara har zuwa 2028. A wannan karon wa'adin shekara guda aka yanka, kuma ina ganin wannan ci gaba ne na gaske, domin shi ne karo na farko a zagayen 2025 da tsawon dakatarwar ya kai tsawon wani aiki da mutane ke yi da hannunsu. Manomin waken soya a Iowa, wanda ya girbe amfanin 2025 ba tare da Sin ta sayi ko buhu ɗaya na sabon girbi ba har ƙarshen Oktoba, yana sayen iri da taki ne a lokacin sanyi, ya shuka a Afrilu da Mayu, ya girbe a Satumba da Oktoba. Shekara guda ta rufe masa damina ɗaya cif, ba ta kai ta biyu ba. Ranar da aka rubuta wa'adin zai cika ita ce 10 ga Nuwamba, 2026, mako guda bayan zaɓen 'yan majalisar Amurka, a daidai lokacin da wakensa ke kan hanyar zuwa tashar jiragen ruwa.